Ranar da Malama Keziya Ta Wanke Ƙwarya

Kuma kada wani ya sake ce mini wai ai ƙwarya ce kawai. Wanda ya fara faɗa mini haka, har yau in zai shiga makaranta ta baya yake zagayawa don kada ya bi ta gaban teburina. Ku bari in ba ku labarin tukuna, in na gama sai ku buɗe baki.

Ni ce Patricia, mai awara da kunu a ƙofar firamaren ƙauyenmu, can bayan Fadan Kagoma in ka sauka daga kwalta. Boko dai ban yi nisa ba, a aji biyu na sakandare na ajiye biro, kuma ba na jin kunyar faɗa. Baki kam Allah ya ba ni. Wanda ya taka ni, har kakansa na cikin kabari sai ya juya. Mutum ɗaya ce a duniyar nan ban taɓa ɗaga wa murya ba, Mama Keziya, yayar mamana, wadda duk garin ke kira Malama. A hannunta na girma.

'Yar gajeruwa ce, ƙafafu kamar na zabuwa, amma in ta ce "shiru" har awakin da ke bayan taga sai sun daina tauna. Ta fi shekara talatin tana riƙe da aji uku. Mijinta ya rasu tun ina rarrafe, Allah bai ba ta 'ya'yan kanta ba, sai na mutane. Ciwonta ɗaya, tsafta. In ka wanke mata kofi sai ta ɗaga shi a rana ta duba, ta sunsuna, ta miƙo maka ka sake. Ranar Litinin duk yaro sai ya shimfiɗa mata farce. Sabulu a jakarta yake kwana tare da Littafi Mai Tsarki. A coci ma, in Zumuntar Mata sun gama shara, sai ta bari sun tafi ta bi bayansu da tsumma.

Zangon ƙarshe a wurinmu da damina yake haɗuwa, lokacin cire ciyawar citta. Sai ka ga aji ya zama rabi, iyaye sun kwashe yara zuwa gona. Sauran malamai ihu suke yi a asambuli, su yi wa waɗanda suka zo faɗan waɗanda ba su zo ba. Mama ba ta ihu. Ranar Asabar za ta ci ɗamara ta bi mutum har gonarsa, ta gaishe shi da kyau, ta ce, "Baba, nuna mini inda yaron nan zai cire." Ta duƙa ta fara. Kai ka taɓa ganin malamar da ta koya maka ABC tana cire ciyawa a gonarka? Kunya kaɗai ta isa. Litinin da sassafe za ka ga yaron a benci, har da wanka.

Duk wannan wahalar don abu ɗaya take yi, labarin aji. In an kusa hutun ƙarshen shekara, yara za su ƙirƙiro labari da bakinsu, kowa ya kawo nasa guntun, ita tana rubutawa a allo da Hausa, don ta ce ba za ta tara iyaye a yi musu Turanci suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru ba. Ranar rufe makaranta iyaye su matsu a ƙananan bencin nan, kowane yaro ya tashi ya karanta nasa, tana bin kalmomin da sanda. Na ga ƙattin maza, masu ɗaga buhun citta da hannu ɗaya, suna goge ido da hula a ajin nan.

Bara ce shekararta ta ƙarshe, ritaya ta zo. Kuma a duk shekarun nan ba a taɓa samun yarinya daga ruga da ta tsaya ta karanta a ranar ba. Maza kan ɗan daure. Mata kuwa sukan zo, su yi wata biyu, su ɓace. Sai ga Nene.

Nene 'yar Yuguda ce, daga rugar da ke tsallaken rafi. Doguwa, siririya, ba ta magana sai dole. Uwarta ta rasu wurin haihuwa, kakarta Goggo Zamzam ke riƙe da ita. Kai gare ta, Mama ta ce sau ɗaya ake nuna mata abu. Amma duk Alhamis ba ta zuwa, don ranar kasuwarmu ke ci, ita ke ɗaukar nono tunda gwiwar Goggo ta ƙi. Kuma hedimasta, Malam Gregory, ya riga ya sa ranar rufe makaranta a Alhamis.

Ruga ba ta da ciyawar citta da Mama za ta je ta cire. Sai ta juyo kaina.

"Patricia, daga wannan satin ke za ki riƙa ɗaukar nono ranar kasuwa."

"Ni? Mama, da wannan kitson da na kwana biyu ina jin zafinsa?"

"Kan naki me yake ɗauka dama, ban da surutu?"

"Awarata fa?"

"Wake ba ya guduwa."

Haka na zama mai tallar nono. Ranar farko 'yan acaba suka kusa faɗowa daga mashin. "Kai, jama'a, ku zo ku ga Patricia Bafulatana! Ina shanun naki?" Na ce, "Je gida ka duba, babban bijimin yana nan kwance a ɗakin uwarka." Daga ranar suka koma saye da ladabi.

Ƙwaryar da nake ɗauka babba ce, tsohuwa, ta yi duhu kamar zuma, an zana mata ado a gefe. Ta taɓa tsagewa daga baki har kusan gindi, an ɗinke ta da zare, ɗinki ƙanana a jere, sun yi baƙi. Goggo da hannu biyu take miƙo mini ita, da yamma kuma da hannu biyu take karɓa, ta juya ta ta duba kafin ma ta tambaye ni yaya kasuwa.

Ni kuma tunda teburina yana jikin tagar aji uku, sauran ranaku komai a kunnena ake yi. Na ga lokacin da suka shuka wake a gwangwanin madara suka jera a taga, kowa yana rantsuwa nasa ya fi tsawo. Na ga ana jan benci gefe duk lokacin da kwanon rufi ya fara yoyo. Na kuma ji ranar da aka fara labarin aji. A kan wata saniya ne mai suna Fara. Abednego, wani mai kai kamar tulu da ba ya iya zama wuri ɗaya, ya ɗaga hannu ya ce, "Fara ta shiga coci ta zauna a bencin dattawa, ta cinye takardar Fasto."

Aji ya fashe. Sai aka ji wata murya daga baya, "Ƙarya ne. Saniya ba ta zama, kwanciya take yi."

Kowa ya juya. Nene ce. Ita kanta ta tsorata da muryarta.

Abednego ya ce, "Tamu mai zuwa coci ce, ta iya zama."

Mama ta danne dariya ta ce, "To, Nene, tunda ke kika san Fara, ba mu naki."

Yarinyar ta daɗe tana murza bakin hijabinta. Sannan ta faɗa a hankali, Mama tana rubutawa: "Da safe ana tatsar Fara a ƙwaryar innata. Ƙwaryar ta taɓa fashewa, innata ta ɗinke ta da hannunta. Innata ta tafi, ɗinkin yana nan."

Mama ta gama rubutawa, ta ajiye alli, ta ce tana zuwa. Ta fito bayan aji ta tsaya kusa da teburina tana fyace hanci. Na ce, "Mama, lafiya?" Ta ce, "Alli ne ya shiga mini ido, ki kula da awararki tana ƙonewa."

Daga ranar kullum sai an maimaita. Nene ta tashi, Mama ta sa sanda ƙarƙashin kalma, ta karanta. Tun muryar tana rawa har ta tsaya. Yuguda ya yi alkawarin zai kawo Goggo a mashin ta ji da kunnenta. Mama har ta zaɓi inda tsohuwar za ta zauna, bencin gaba, kusa da ƙofa, saboda gwiwa.

Alhamis ɗin da ta rage saura sati a rufe, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tun la'asar. Rafi ya cika ya kawo har gonakin bakin hanya, ba mai tsallakawa. Sai na wuce gida da ƙwaryar, na kife ta a kan tebur a kicin. Washegari na yi sammako zuwa Kafanchan sayen waken suya.

Da na dawo da yamma na tarar da Mama zaune a kujerar tsugunno, ko kayan makaranta ba ta cire ba. A cinyarta ɓari biyu ne na wata farar ƙwarya. Sai da na ga ramukan ɗinkin na gane.

Ta jiƙa ta a ruwan omo ta kwana. Da safe ta sa soson ƙarfe ta dirje ta ciki da waje, har adon ya shafe. Ta ɗora a kan kwanon rufin kicin ta sha rana, ta tafi makaranta. Ranar kuwa rana ta buɗe da ƙarfi bayan ruwan. Tsohon zaren da soso ya riga ya cinye ya saki, ƙwarya ta bi tsohuwar tsagarta ta rabu.

Mama ce ta fara magana, ba ta ɗago ba.

"Na ga baƙi-baƙi ne a bakin ɗinkin. Na ce ta uwar Nene ce, bari in gyara mata ita. In Goggo ta gan ta tana ƙyalli, ta san mun daraja ta."

Kun ji? Ba raini ba ne. Matar nan abin da take ƙauna shi take wankewa. Ni ma haka ta dirje ni ina ƙarama har fatata tana zafi.

Asabar ta shiga mota da kanta zuwa Kafanchan, ta zagaye 'yan ƙwarya ta zaɓo wadda ta fi kowace girma, da sabon faifai. Lahadi ana tashi daga sujada, da zanen Zumunta a jikinta, muka tsallaka rafi zuwa ruga, ruwa har gwiwa. Ɓarin biyun ta naɗe su a farin ɗankwali kamar gawa.

Sun karɓe mu da kyau, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Mama ba ta zauna ba. Ta durƙusa a gaban Goggo Zamzam, a ƙasar da shanu suka tattake, ta kwance ɗankwalin.

Tsohuwar ta ɗauki ɓari ɗaya. Ta shafa inda adon yake a da. Ta bi ramukan ɗinkin da ɗan yatsa. Sai ta kai hanci.

"Sabulu," in ji ta.

"Goggo, ki gafarce ni. Gyara na so in yi."

"Ashe wari muke yi muku, Malama."

"Allah ya sani ba haka ba ne!"

"Wancan baƙin da kika kankare ba datti ba ne. Hayaƙi ne, da man shanu, da hannun uwar yarinyar nan. Ranar da Nene za ta tafi ɗakin miji na so in miƙa mata ita."

Ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan. Da ma ta yi zagi, da na san inda zan shiga. Yuguda yana tsaye da sanda a kafaɗa, idonsa a ƙasa, sai cewa yake, "Ba komai, Malama, kwananta ne ya ƙare." Mama ta tura sabuwar ƙwaryar gaba. Goggo ta ce an gode, ta sa aka ɗauke, ko kallonta ba ta yi ba.

Sannan ta ce, "Nene za ta zauna a gida. Ɗan abin da ya rage mata na uwarta yana wurina, zan koya mata tun ina da rai, kafin shi ma a wanke."

Mama ta kama ƙafarta. Malama Keziya, wadda hakimi ke cire hula ya gaishe ta.

"Alhamis kaɗai, Goggo. Ta zo ta karanta ta dawo. Ni zan goyo ta in tsallaka da ita."

"Alhamis kasuwa ce, Malama."

Na buɗe baki, na rantse na buɗe. Duk zagin da na tara tun haihuwata yana nan a maƙogwarona. Sai na hango Nene a bayan bukka riƙe da igiyar maraƙi, ba ta kuka, idonta a kan farin ɗankwalin nan. Na kalli tsohuwar, tana ta shafa ɓarin ƙwaryar. Na rufe bakina. A hanyar dawowa Mama ta zame a rafi ta jiƙe har wuya, ba ta ma ce wayyo ba.

Satin ƙarshe ya zo kamar kullum. An gama jarrabawa, yara suna ta share fili, ana kawo tsintsiyar aikin hannu, 'yan aji shida suna koyon maci da gangar da ta huje. Mama ta sake tsallaka rafi ran Talata, aka ce mata Goggo tana barci. Laraba Malam Gregory ya leƙo aji ya ce a goge layin Nene, ko a ba wata 'yar ajin, Lucia, ta karanta. Mama ta ce ba za a goge ba, ba za a ba kowa ba. Da ya fito ya tsaya a teburina yana ɗaukar awara, sai ya ce, "Mamanki ma dai, duk wannan a kan ƙwarya kawai?" A kansa na sauke abin da na kasa saukewa a ruga. Ban bar masa ko tsohon takalminsa ba.

Alhamis iyaye suka cika aji, gwiwoyinsu har haɓa a kan bencin yara, ana yayyafi. Wurin nan na gaba kusa da ƙofa Mama ta ajiye jakarta a kai, ba wanda ya zauna. Yara suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Abednego ya karanta yadda Fara ta cinye takardar Fasto, Fasto da kansa yana wurin, ya yi dariya har da tari. Lucia ta karanta nata ta zauna.

Sai sanda ta iso kan layin Nene.

Mama ta kalli ƙofa. Kowa ya kalli ƙofa. Ba kowa sai akuya a baranda tana fakewa.

Na ɗauka za ta tsallake. Sai ta sa sandar ƙarƙashin kalmar farko, ta tsaya daidai yadda take tsaya wa yaro, ta matsa zuwa ta biyu. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba mai karantawa, ba abin da ake ji sai ruwa a kan kwano. Yaran duk sun haddace layin, amma ko Abednego bai yi motsi ba. Da ta kai "ɗinkin yana nan" sai ta ɗaga sandar daga allo. Ta sauke hannu ta ce, "Na gaba."

Bayan an gama aka yi mata bikin sallama. Iyaye sun haɗa kyauta tun da wata guda, ba su san komai ba. Atamfa, da kular abinci, sai wani ƙaton kwali da mutum biyu suka ɗauko. Shugaban iyayen yara ya ce, "Mun san abin da Malamarmu ta fi so a duniya." Aka buɗe. Omo ne, cike. Aka yi ta tafi da guɗa. Mama ta yi murmushi, ta gode wa kowa da sunansa. Kwalin yana ƙarƙashin gadonta har yau, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Gwangwanin waken Nene kuwa, Mama ta kawo shi gida ta dasa a bayan kicin, akuyar maƙwabta ta cinye. Allon kuma sabon malami ya goge shi da aka dawo hutu, ai dole ya yi rubutu.

Yanzu Mama tana gida. Ba ta bin bayan kowa da tsumma a coci. In na wanke kofi karɓa kawai take yi ta sha, wani lokaci da gangan nake barin maiƙo ko za ta yi mini faɗa. Duk Alhamis tana fitar da kujera bakin hanya. Nene takan wuce da nono a farin bokitin roba, irin na fenti, ta rusuna ta ce, "Ina kwana, Malama," ta wuce. Mama ta amsa, ta bi ta da ido har ta sha kwana.

Satin da ya wuce na tare yarinyar a kasuwa. Na ja ta gefe, na rubuta layinta a ƙasa da tsinke, da wannan mummunan rubutun nawa. Na ce karanta mini. Ta duƙa, ta yi jimlar farko, ta yi rabin ta biyu. Sai ta tsaya. Ta daɗe tana kallo, ta yi 'yar dariyar kunya ta ce, "Anti, haruffan sun fara gudu daga kaina." Wani ya kira mai nono, ta ɗauki bokitinta.

Da na koma gida Mama ta ce, "Na ga kin tsaya da ita. Tana karatu har yanzu?" Na ce wuta na bari a murhu, na shige kicin.

Ni dai na saba, in abu ya yi mini ciwo sai in nemo mai laifi in wanke shi tas, in samu barci. Wannan kuwa shekara guda ke nan ina juya shi. Tsohuwar da aka farfasa mata abin da ya rage na matacciya, ko matar da ta dirje shi don ƙauna? Ku da kuka yi boko, ku gaya mini, wa zan zaga?